Kaskon da Na Shigar Cikin Tanti

Edmonton, London, Alhamis da hantsi

Zuwa ga 'yata Walida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, duk da cewa bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, har ina jiyo ƙarar akwatunan da kike ja. Allah ya tsare min ke gaba da baya, ya kai ki Glasgow lafiya, ya sa karatun da za ki fara ya zame miki alheri, ya haɗa ki da mutanen da za su faɗa miki gaskiya ko ba ki tambaya ba.

Akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Hajiyata ma har ta koma ga Allah ba ta ji ta ba. Wutar da ta kashe yayanki tun yana cikina, ba Abbanki ne ya shigar da ita tanti ba. Ni na shigar da ita, da hannuna.

Shekaranjiya ina kicin na ji ki a waya da ƙawarki. Ba laɓe na yi ba, kin san flat ɗin council, gidan hayar nan na gwamnati, ba ya riƙe sirri. Kin ce kin yarda Abbanki ya kai ki Glasgow a motarsa, ku yada zango a hanya ku kwana a tanti kamar yadda ya roƙa, ba don kina so ba. Wai so kike ki same shi inda ba zai iya tashi ya bar ki ba, ki faɗa masa shi wane ne, daga nan ki goge lambarsa. Bayan kin ajiye wayar kika leƙo kika ce in raka ki shago ranar Juma'a, tunda ya ce ke za ki zaɓi tantin da shimfiɗa. Na ce miki me na sani game da tanti. Wannan ma ƙarya ce. Ban jin akwai wata Bahaushiya a Edmonton da ta kai ni sanin tanti. Shekara da shekaru, duk shagon da na gan su a kafe sai na tsaya na shafa, na karanta abin da ke rubuce a jiki, na fita ban sayi komai ba.

To bari in faɗa miki abin da na sani, da yadda aka yi na sani.

Ba ki san ni ina yarinya ba. A gidanmu na Kano, idan baƙo ya yi sallama bayan ƙofa nake shigewa. Abokan hirata littattafan soyayya ne, ina hayarsu a bakin makaranta in cusa a tsakiyar littafin lissafi. A cikinsu na koyi abin da na ɗauka shi ne zaman duniya: mace ba ta faɗin abin da take so, namiji ne ke ganewa a idonta, ɗakin amarya kullum ƙamshi yake tashi, sanyi kuwa dalili ne kawai na a matso kusa. Da wannan ilimin na auri Abbanki, da sona da zaɓina, na sauka London ban kai shekarunki na yanzu ba.

A hutun ƙarshen shekarar farko ne Anti Ladi ta Catford, 'yar Jos ɗin nan da ke aiko mana cincin duk Kirsimeti, ta ce mu bi su Wales. Mijinta da Abbanki tare suke tuƙa bas a lokacin, kuma su sun saba fita da tanti rani da sanyi. Ina da cikin fari, ya fara tasowa, ina ta ɓoye shi da manyan riguna. Abbanki ya yi booking a filin wani manomi, ya kai ni shago ya ce in zaɓa, kamar yadda ya ce miki yanzu. Ya nuna min wani babba wanda mutum zai tsaya a ciki. Ni kuwa idona ya riga ya faɗa kan wani ɗan ƙarami kore, an rubuta na mutum biyu. Na hango mu a ciki, ruwa na sauka a sama, kaina a kafaɗarsa. Mai shagon ya tambaya ko a baya za mu goya shi ko a mota. Na sunkuyar da kai ina wasa da zobena. Abbanki ya yi dariya ya ce a ba ta wanda take so.

Da muka kafa shi a filin, Anti Ladi ta zagaya shi ta riƙe ƙugu.

"Amarya, wannan tanti ne ko gidan sauro? Ina za ki sa mijin, ko a waje za ki ɗaure shi?"

Kowa ya yi dariya, har ni. Kafin la'asar dariyar ta ƙare. Ba a tsayuwa a ciki, ko zama sai an duƙar da kai. Jakunkunanmu suka cinye rabin wurin. Rigunan ruwan da muka cire ba inda za a rataye su, sai a kan bargo. In zan canza kaya sai Abbanki ya fita ya tsaya cikin yayyafi. Salla kuwa, shi a waje ya yi, a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ni na yi tawa a zaune, hijabina na goge ruwan da ke jikin rufin.

Saboda haka, Walida, kada ki yarda da adadin da aka rubuta a jikin tanti. Mutum biyun da suke nufi mutum biyu ne a miƙe, hannu a jiki, kamar waɗanda aka yi wa likkafani. Ba su lissafa jaka ba, ba su lissafa takalmi mai taɓo ba, balle mace mai hijabi da buta. Ku biyu ne, ki nemi na mutum huɗu. Mota ce za ta ɗauka, ba bayanki ba, nauyinsa bai dame ki ba. Ki shiga ciki a shagon, kada ki ji kunyar masu kallo, ki tsaya a tsakiya ki ɗaga hannu kamar za ki yi kabbara, ki yi ruku'u. In kanki ya taɓa sama, fito ki bar musu abinsu. Ki nemi mai ɗaki biyu da labule a tsakani, ke ba yarinya ba ce, shi ma zai fi sakewa. Ya kasance da ɗan zaure a gaba inda za a tuɓe takalmi da rigar ruwa kafin a taka shimfiɗa. Amma kada ki zarce ki ɗauko irin na taron biki. Wanda ya cika girma ba ya ɗumi, iska kuma kokawa take yi da shi. Ki duba rufin ya zama biyu, na waje ya sauko har ƙasa. Kuma gobe da kun dawo ku kafa shi a filin bayan block ɗinmu da rana tsaka, ku ƙirga ƙusoshinsa da igiyoyinsa. Yaran unguwa za su yi muku dariya. Gara tasu da ki tarar babu sanda ɗaya a kan dutse cikin ruwa.

Kuskurena na biyu shimfiɗa. Na sa an sayi katifar nan da ake hurawa, doguwa mai tudu, don ta yi kama da gado. Na ɗauko manyan bargunan kayan ɗakina, masu furanni, waɗanda Hajiya ta yi ta faɗa da ma'aikatan jirgi a kansu. Na shimfiɗa zanen gado mai aiki, na jera matasai. Wallahi ya yi kyau. Da aka kwanta sai na gane cewa sanyin ƙasar nan ba daga sama yake zuwa ba, daga ƙasa yake tasowa. Iskar da ke cikin katifar ta yi sanyi kamar ruwan randa, duk abin da na lafta a kaina bai hana bayana daskarewa ba. Bargunan kuma suka sha damshi suka yi nauyi, suna warin jiƙaƙƙen ulu.

Ki sa wannan a ranki: abin da ke ƙarƙashinki ya fi abin da ke kanki muhimmanci. Ki fara da tabarmar soso a ƙasa, sannan katifa mai soso a ciki wadda aka yi don sanyi, sannan bargo, sannan ke. In bargo biyu gare ki, ɗaya ƙasa ɗaya sama. In uku ne, biyu a ƙasa. Ki sayi jakar barci ta lokacin sanyi, ki shiga cikinta a shagon ki juya dama da hagu. In ta matse ki ba za ki yi barci ba, in ta yi miki yawa ba za ki ɗumama ta ba. A jikinta za ki ga lambobin sanyin da take ɗauka. Kada ki kalli ta can ƙasa, wannan cewa take ba za ki mutu ba, ba cewa take za ki runtsa ba. Ki kalli ta jin daɗi. Kayan da kika wuni da su kada ki kwana da su, ko kin ji kamar a bushe suke. Ki ware safa da hula da riga na barci kawai, a leda, kada su ga waje. Atamfa ki bar ta a akwati sai Glasgow, in ta jiƙe ba ta bushewa. Ki ci abinci mai zafi kafin ki kwanta, ki cika robar ruwan zafi ki sa a ƙafa, ki ajiye flask don alwalar asuba. Abbanki yana da ciwon baya tun zamanin bas, ba zai faɗa miki ba. Ki ba shi katifar da ta fi kauri.

Kuskure na uku shi ne bakina. Washegari Anti Ladi ta dube ni ta ce leɓena ya canza kala. Ta ce tana da tabarmar soso da ba sa amfani da ita, da robar ruwan zafi, in zo in ɗauka. Na ce a'a Anti, lafiya lau muka kwana. Kin san me ya hana ni? Wai kada a ce amarya ta ari shimfiɗa, kamar ba a yi mata kayan ɗaki a gidansu ba. A tsakiyar gonar wani Bature, tumaki na kallonmu, ni ina kare mutuncin gidanmu na Kano. Abbanki ma ya tambaye ni ko mu koma gida. Na ce ina jin daɗi. Sai na zauna ina jira ya kalli idona ya gane ƙarya nake, ya ɗauke ni ya sa a mota. Bai gane ba. Ya gaskata ni, don shi a wurinsa in mutum ya ce e, e yake nufi. Na ji haushinsa ƙwarai a ranar, kamar shi ya yi min laifi.

Ke ma kina da wannan halin, kada ki musa. Naki da Turanci yake fitowa, ki ce "I'm fine" ki rufe ƙofa. In kin ji sanyi ki ce kin ji sanyi. In abin ya fi ƙarfinku ku naɗe komai ku nemi hotel, ba wanda zai ba ku lambar yabo don kun daure. Kuma kada ku ce za ku kwana a mota da inji a kunne.

Yanzu ga kuskuren da ya fi su duka.

A cikin jakata akwai ɗan kaskon turaren wuta da Hajiya ta sa min a kaya. A gida, in sanyi ya shigo, da shi muka tashi: a ɗebo garwashi daga murhu, a zuba turare, a kai ɗaki. Ba wanda ya taɓa ce min abin tsoro ne, don ɗakunanmu iska na shiga ta ƙarƙashin ƙofa da ta taga da ta ko'ina. A yammacin nan mazan sun gasa nama. Bayan magariba suka tafi wanke kwanuka, Anti Ladi ta shiga nasu tantin. Na ɗebi garwashi na cika kaskon, na ƙara da gawayi don ya daɗe, na barbaɗa turare, na shiga da shi. 'Yan ƙofofin iskar da ke saman tantin na toshe su da ɗankwali da safa, don a ganina ta nan sanyi ke shigowa. Na zuge komai. Wurin ya yi ɗumi, ya yi ƙamshi. A karo na farko tun da muka zo, ya yi kama da abin da na hango a shago.

Abbanki ya shigo ya shaƙa ya ce yau kuma a Kano za mu kwana. Sai ya tsaya.

"Wutar fa? Kin fitar da ita?"

"Na fitar," na ce.

Tana bayan jakata, wajen kaina, na rufe ta da toka. Na san in ya gani zai fitar, ni kuma na gaji da rawar sanyi, kuma na kasa cewa na gaji.

Abin da ya cece mu, Anti Ladi ta saba jin ƙarar butar Abbanki da asuba tun fitar da yake bin su kafin in zo, tana ma tsokanarsa cewa shi ne agogonta. Ran nan gari ya fara haske ba ta ji ba. Ta kira, shiru. Ita ta buɗe tantin, ita ta ja mu da ƙafa zuwa kan ciyawa. Ni ban san an yi ba. A asibiti na farka, kaina kamar ana sara. Abbanki ya tashi, ni na tashi. Yaron bai tashi ba.

Walida, ko kin manta duk abin da ke takardar nan, kada ki manta wannan. Wuta ba ta shiga tanti. Ba garwashi, ba murhun gas, ba abin gashi, ko a zauren gaba, ko kin ga ya zama toka kin taɓa kin ji ya huce. Abin da ke kisa a cikinsa ba ya wari, ba ya hayaƙi, barci yake sa ki. Ƙofofin iska kuma a buɗe ake barin su komai sanyi. Ɗumi daga shimfiɗa ake samunsa, ba daga toshe iska ba. In ɗayanku ya tashi da ciwon kai da jiri, ku fita waje tukuna sannan ku yi tunani.

Da aka kira gida, ina kwance ina jin muryar Hajiya a waya tana kuka tana tambayar wane marar hankali ne ya kai wuta inda mai ciki take. Abbanki yana tsaye a bakin gado. Ya dube ni, na kawar da kai. Sai na ji ya ce:

"Ni ne, Hajiya. Ku yafe min."

Anti Ladi tana wurin. Ita ta ɗauko kaskon daga bayan jakata, ta san na wane ne. Da Abbanki ya fita ta matso ta ce min a hankali, Amarya, wannan kayan ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ki karɓi naki. Na rufe ido kamar barci ya ɗauke ni. Ba ta sake tayar da maganar ba har yau, amma ki lura, ba ta taɓa zama ana zagin Abbanki ba.

Na ce zan faɗa in na warke. Na ce in an yi arba'in. Na ce in na je gida. Kafin nan dangina sun gama yanke masa hukunci. Hajiya ta daina amsa gaisuwarsa. Yayyena suka riƙa kiransa mai daji. Ni kuwa ana ta lallashina, ana aiko min da kilishi da addu'a, ana cewa baiwar Allah, ta haɗu da miji marar kula. Ba zan ɓoye miki ba, tausayin ya yi min daɗi.

Kuma ga abin da ban zata ba: na tsane shi saboda abin da ya yi min. A littattafaina, in namiji ya ɗauki laifin mace, nan labari ke yin daɗi. A gidan gaske, kullum na kalle shi sai in ga mutumin da ya san ni. Yana cin abinci ya sani, yana yi miki wasa ya sani, bai kuma taɓa goranta min ba ko sau ɗaya. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Har yau ina jin haushin shirun nan nasa, don ya rufa min asiri ya bar ni a ciki ba ƙofa. Amma wannan tsakanina da shi ne, ba hujja ba ce.

Kin tuna ranar da kika dawo daga makarantar firamare kika tarar muna faɗa a falo? A kan abin banza ne, wanki ne ko cefane, na manta. Na juya na gan ki a bakin ƙofa da jakarki, na san kina ji, na ce masa ai ba yau ka fara ba, kai da ka kashe min ɗa. Ya daɗe yana kallona. Ya kalle ki. Ya ɗauki makullinsa. Da ya buɗe baki a ranar da ya wanke kansa, amma da ke kin rasa uwa, sai ya zaɓi ki rasa shi. Bai daɗe ba ya tattara kayansa. Tun daga nan kike amsa masa waya da kalma ɗaiɗai, kike mayar masa da kyautar sallah ba ki buɗe ba, ni ina gani ina cewa ai yarinya ce, ra'ayinta ne.

Na sha tambayar kaina me ya sa har yanzu yake fita da tanti, mutumin da tanti ya yi wa haka. Ban sani ba, ban kuma da bakin tambaya. Ke kina da shi. Ki tambaye shi wannan a maimakon abin da kika shirya.

Ba cewa nake ki so shi daga yau zuwa gobe ba, shekarun da na cinye muku ba za su dawo ba. Ba kuma cewa nake ki yafe min ba. Abin da nake roƙo, kada ki tsaya a gaban bawan Allahn nan cikin sanyi ki ɗora masa abin da ba nasa ba, don na san shi: zai sunkuyar da kai ya ce ki yi haƙuri, ya tashi ya dafa miki shayi.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da ƙanƙara da ruwa. Allah ya kwantar da ku lafiya ya tashe ku lafiya. Allah ya sa ki fi ni baki, ki fi ni gaskiya. Ya jiƙan wanda ya riga mu, ya sa mai ceto ne.

Da niyyata in tura takardar nan can ƙasan jakar barcinki, sai kun yi nisa ki ji ta a ƙafarki. Har na nemo ambulan. Sai na ga in na yi haka, a gabansa za ki karanta, shi zai ga fuskarki, shi zai share miki hawaye, wataƙila ma ya ce kada ki ga laifina. Ya sake ɗaukar min kaya ke nan, ni ina nan a falo da ɗumin hita. A'a. Yanzu zan ƙwanƙwasa miki ƙofa in ba ki a hannu. Na san karatun Hausa yana yi miki nauyi, za ki yi ta tsayawa. Zan zauna a bakin gadonki. Duk kalmar da ta gagare ki ki nuna min, ni zan karanta miki da bakina.

Mahaifiyarki